Gida Da Lambu: Renon Ciyawa A Harabar Gida A Ƙasar Katagum

Matafiyin da ya bi hanyar da ta tashi daga Azare ta nufi Potiskum cikin watan Agusta, in ya iso Bulkachuwa zai tarar da ƙasa ta yi kore shar, gero da dawa sun rufe gonaki, ciyawa kuwa ta fito har bakin kwalta ba tare da wani ya shuka ta ba. In Allah ya sake kawo shi cikin watan Maris, sai ya rantse ba nan ne ya wuce ba, domin ba abin da zai gani sai rairayi, da guntayen kara a gonaki, da awaki suna bin inuwar katanga. To, maganar wannan fili a wannan mako ta shafi mutumin da ya gina gidansa a irin wannan wuri, ya kuma ƙudura a ransa sai ya ga koriyar ciyawa a shimfiɗe a harabarsa kamar darduma, rani da damina.

Wannan buri ba na banza ba ne, bai kuma kamata a yi wa mai shi dariya ba. Ciyawa takan kama ƙasa, ta hana iskar hunturu kwasar ƙura tana zubawa cikin ɗakuna da kwanukan abinci. Takan hana ruwan indararo haƙe tsakar gida. Wanda ya taɓa taka siminti ba takalmi da azahar cikin watan Afrilu, sa'an nan ya taka ɗanyar ciyawa, ba ya bukatar a yi masa bayanin bambancin zafinsu; daɓen siminti da tubalin intalok da ake yayi yanzu sukan sha rana wuni guda, su yi ta amayar da zafin har tsakar dare. Yaro kuma in ya faɗi a kan ciyawa, tashi yake yi ya ci gaba da wasa. Abin da ake bukata kawai shi ne mai gida ya san abin da zai shiga tun bai sa fartanya a ƙasa ba.

Da farko dai a tuna, wannan al'ada baƙuwa ce. A wurin Bahaushe da Bafulatanin gari, gida mai tsabta shi ne wanda aka share shi tas safe da yamma, ko wanda mata suka taru suka yi masa daɓe, suka buge shi da madaɓi, suka shafe shi da makuba har ya yi sheƙi. Ciyawa a tsakar gida alamar kango ce, ko alamar matar gida ba ta da kuzari. Kakanni kuwa suna da hujjarsu: a fili mai sharar ƙasa ake ganin sawun maciji da kunama, a nan ake shanya hatsi da kuɓewa, a nan ake daka. Turawa ne suka zo da shimfiɗar ciyawa daga ƙasarsu, inda ake yayyafi kusan kowane wata na shekara, inda kuma wani mutum mai suna Edwin Budding ya ƙera injin aske ta tun 1830. A gidajen Razdan da Di'o na bariki, da filayen sukuwa da na folo irin na Kano da Katsina, aka fara ganinta a Arewa. Sai dai abin da ake mantawa shi ne, bayan kowane koren fili na bariki akwai gadina, akwai leburori, wani lokaci har da fursunonin En'e masu ɗauko ruwa da garwa. Ma'aikacin da ya yi ritaya ya koma garinsu da sha'awar irin abin da ya gani a Kaduna ko Abuja, shi kaɗai ne gadinan, shi ne kuma mai biyan kuɗin ruwan.

LISSAFIN RUWA

Nan ne gizo ke saƙar. Ruwan saman da ke sauka a ƙasar Katagum bai kai zurfin mita ɗaya ba a shekara, kusan dukansa kuma cikin wata huɗu yake zuba, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran wata bakwai ko takwas sai abin da mutum ya ɗebo da hannunsa. Ƙasar kuwa galibinta jigawa ce mai rairayi, wadda ba ta riƙe ruwa; a zuba yanzu, an jima kaɗan ya nutse ya wuce inda saiwa take.

Ga yadda lissafin yake, kowa kuma yana iya yinsa da alƙalami. Ciyawar da ake so ta zauna kore da rani tana bukatar ruwa mai zurfin inci ɗaya, watau milimita 25, a kowane mako, in an yi mata ƙwauro ke nan. Da bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40, takan nemi fiye da haka. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce. Saboda haka fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, wanda bai fi ƙaramar haraba ba, zai sha lita 2,500 a mako. Wannan jarka 100 ke nan mai cin lita 25, watau kusan kura goma ta ɗan garuwa, kowane mako, tun daga Nuwamba har zuwa Yuni. A ɗaya gefen kuma, gida mai mutum goma, in kowa ya sami lita 50 a rana don sha da girki da wanka da wanki, lita 3,500 yake bukata a mako. Ashe ke nan wannan ɗan fili ya kusa cin rabon iyalin gida sukutum.

Wanda ya haƙa rijiyar burtsatse ya sa mata injin mai aiki da hasken rana yakan ɗauka ya tsira daga wannan lissafi, tunda ba ya biyan kowa. Bai tsira ba, ya dai daina gani ne. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ba shi da katanga, tafki guda ne shi da maƙwabta suke ɗiba, kuma ruwan damina ne ke mayar da abin da aka zuƙe. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda rijiya kan ja baya. Akwai kuma abin kunya a ce mesa tana feshi a kan ciyawa da rana tsaka, alhali 'yan matan unguwa suna tsaye a ƙofar gidan da bokitai suna jiran a ba su izini. Ko a ƙasashen masu arziki an fara dawowa daga rakiyar wannan ado. A 2021 jihar Nebada ta Amurka ta kafa doka, ta ba ma'aikatu da kamfanoni na yankin birnin Las Begas wa'adi zuwa ƙarshen 2026 su rabu da ciyawar ado wadda ba mai taka ta, saboda ruwan kogin Kolorado ya ragu. Dokar ba ta taɓa harabar gidajen iyali ba, amma dai ta nuna inda aka dosa. Jihar Bauchi kuwa tana cikin jihohi 11 na Arewa da gwamnatin tarayya ta lasafta a bakin hamada, inda ake aikin Babbar Ganuwar Itatuwa.

Wannan ba yana nufin a haƙura ba ne. Yana nufin a rage filin. Ciyawa mai faɗin tabarma huɗu ko biyar, a ce mita 3 da mita 4, lita 300 kawai take nema a mako, jarka 12 ke nan. Abin sha'awa kuma shi ne kusan kowane gidan Musulmi yana zubar da fiye da haka ba tare da ya sani ba. A ce mutum goma ne a gida, kowa yana alwala da lita ɗaya sau biyar a rana. Lita 50 ke nan a wuni, 350 a mako. Mai dabara sai ya gina ɗan dakalin alwala a gefen ciyawar, ya ja 'yar kwata ta bi ta cikinta, ko kuwa a riƙa yin alwalar cikin babban baho ana watsawa, yau wannan kusurwa gobe waccan. Ruwan ɗaurayar shinkafa da na wanke ganye duk suna da kyau. Ruwan wanki mai omo ko bilic shi ne abin tsoro, domin gishirin da ke cikinsa yakan taru a ƙasa ya ƙone saiwa a hankali. In ya zama dole, sai ruwan ɗauraya na ƙarshe. Ruwan wankin ƙazantar jarirai da duk abin da ya fito daga makewayi ba su da wuri a inda yara ke birgima. Kada kuma a tara irin wannan ruwa ya kwana biyu a duro, wari yake yi, sauro kuma ya samu gida.

WACCE CIYAWA?

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne sayen iri. Akan ga fakiti mai hoton koren fili a kantunan manyan birane, a saya da tsada, a watsa, ya tsiro cikin mako guda gwanin kyau, musamman in da sanyi aka shuka. Yawancin irin waɗannan na ƙasashen sanyi ne, rana ɗaya ta watan Afrilu ta isa ta gama da su. Akwai kuma mai faɗin ganyen nan da masu sayar da furanni a bakin titi ke kira ciyawar Fatakwal. Tana da kyau, tana jure inuwa, amma 'yar ƙasar damshi ce, saiwarta ba ta nisa, in ta yi kwana kaɗan ba ruwa cikin iskar hunturu sai ta ƙanƙance. A Kudu ko a Abuja tana da daɗin reno. A Bulkachuwa kuwa sai mai rijiya a gindinta.

Wadda ta dace tana nan kusa, ba ta kuma bukatar ko kwabo. Ita ce kiri-kiri, wadda waɗansu ke kira tsarkiyar zomo, mai siririn ganye, mai yaɗo a ƙasa tana kafa saiwa a kowace gaɓa. Ana samunta a bakin fadamu da tafkuna, da gefen rijiyoyin da ake shayar da dabbobi, da bakin kogin Jama'are. Masu noman lambu sun tsane ta, domin in ta shiga fage ba ta fita ta daɗi. Halin nan da ya sa manomi ke tsine mata shi ne ya sa ta fi kowace dacewa da harabar gida. Tana da jijiya a ƙarƙashin ƙasa wadda ke ajiye abinci, saboda haka ko samanta ya bushe ƙurmus wata da watanni, da an yi ruwan fari sai ta farfaɗo. Tana jure taku, tana jure kiwo, tana ɗan jure gishiri. Turawa sun laƙaba mata sunan tsibirin Bamuda ko da yake ba can ne asalinta ba, danginta kuma su ake shimfiɗawa a filayen ƙwallo na ƙasashe masu zafi. Aibinta biyu ne: ba ta son inuwa ko kaɗan, sai ta sami rana ta awa shida ko fiye, sa'an nan ba ta san iyaka ba. Wanda ke da fagen alayyafo ko yakuwa a kusa, sai ya binne jerin bulo ko tsohon kwano mai zurfin taƙi ɗaya da rabi tsakaninsu, ya kuma riƙa datse hannuwan da suka tsallaka.

Lokacin dasawa shi ne sa'ad da ruwa ya zauna sosai, daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, watau bayan manoma sun gama shukar gero hankalinsu ya kwanta. Ruwan farko na watan Mayu mayaudari ne, yakan yi sau ɗaya ya ɗauke mako uku. Wanda ya dasa cikin Yuli, sama ce za ta yi masa ban ruwa kyauta har ciyawar ta kafu. Wanda ya jira Oktoba, da jarka zai rene ta.

Kafin nan sai a gyara wurin. A kafce ƙasa zurfin taƙi guda, a tsince ɓaraguzan bulo da siminti da magina suka binne, a kuma bi aya-aya a tono 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, domin kowace ƙwaya da aka bari sai ta zama goma. A gauraya ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu, kimanin bokiti guda ga kowane murabba'in mita. A ƙasar rairayi takin nan shi ne soson da zai riƙe ruwa, kuma bayan an dasa ba sauran damar sa shi a ƙarƙashi. A tabbata ya ruɓe ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen taki yakan ƙone saiwa, ya zo da irin ƙarangiya da tsidau, ya kuma gayyato gara. In ana iya samun 'yar laka daga fadama a haɗa, ya fi kyau. Daga nan a baje da manjagara, a ba filin ɗan gangare ya kauce wa ɗakuna.

Akwai wani abu a nan da littattafan Turawa ba za su faɗa ba, domin ba su san ginin ƙasa ba. Kada a kai ciyawa gindin katangar jar ƙasa ko ɗakin soro. Ban ruwa na yau da kullum yakan jiƙa tushen ginin, ya riƙa cin sa ta ƙasa, sai wata rana cikin Agusta a wayi gari katanga ta kwanta. Ko ginin bulo ne, damshi yakan hau jikinsa ya kumbura fenti. A bar tazarar aƙalla mita ɗaya, a zuba tsakuwa ko a yi daɓe.

Dashen kansa ba wuya. A je bakin fadama da sassafe, da izinin mai wurin, wanda ma zai yi godiya, a ciro yaɗon kiri-kiri da saiwarsa, a zuba a jiƙaƙƙen buhu kada ya sha iska. A yanka shi guntu-guntu, kowane guntu da gaɓa uku ko huɗu. A ja layuka da tsinin fartanya, taƙi guda tsakanin layi da layi, a kwantar da guntayen, a rufe da ƙasa a bar kawunansu a waje, a bi da ƙafa a danne. In sama ta yi kwana biyu ba ta zubo ba, a yayyafa. Cikin mako shida zuwa takwas za ta haɗe. A waɗannan makonni aikin duka cirar baƙuwar ciyawa ne da hannu, da kuma tsare awaki. Akuya ɗaya da ta sami ƙofa a buɗe ta isa ta tuge aikin wuni guda, domin dashen bai riga ya kama ƙasa ba.

ASKI DA ABINCI

Ciyawar da ba a yanka ba jeji ce, a nan kuma tsoron kakanni yake zama gaskiya, domin sauro yakan wuni a cikinta, kububuwa ma ba ta ƙin wurin. Kiri-kiri ta fi kyau in an tsare ta a tsawon yatsa biyu zuwa uku a kwance, watau santimita 3 zuwa 5. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce kada a cire fiye da sulusin tsawon ganye a yanka guda. Mutane sukan bar ta ta kai ƙauri, sa'an nan ranar da za a yi baƙi a bi ta a ƙwaƙule har ƙasa. Abin da kan biyo baya shi ne fili ya yi fari fat kamar kan da aka yi wa ƙwal-kwabo, rana ta ƙone jijiyoyin, baƙin ciyayi su sami ƙofa. Yanka kaɗan-kaɗan a kai a kai shi ke sa ta yaɗu gefe ta yi kauri. Cikin Agusta sai an yi kowane mako.

Ƙaramin fili ba ya bukatar inji mai shan fetur. Langalanga ya isa, ko babban almakashin lambu, in dai an wasa su. Dakusasshen ƙarfe ba yanka yake yi ba, yagewa yake yi, shi ya sa akan ga bakin ganye ya yi ja-ja kwana biyu bayan aski. In abin da aka yanke gajere ne a bar shi a wurin, zai ruɓe ya koma taki. In ya yi yawa a kwashe a kai wa ragon layya, kiri-kiri abinci ce mai kyau ga dabba.

Game da takin zamani, kaɗan ne ke gyara, mai yawa ɓarna yake yi. Yuriya, farin takin nan mai kama da sukari, kashi 46 cikin 100 nasa sinadarin da ke sa ganye kore ne, saboda haka yana da ƙarfi ƙwarai. Giram 10 ya ishi murabba'in mita, watau kilo ɗaya ga fili mai mita 10 da 10, ɗan filin tabarma biyar kuwa bai wuce cikin tafin hannu biyu ba. A gauraya shi da busasshen yashi don ya watsu daidai, a zuba sa'ad da ganye yake a bushe, a bi da ruwa nan take. Sau biyu a damina ya wadatar, ɗaya cikin Yuli, ɗaya a ƙarshen Agusta. Wanda bai da shi bai yi asara ba: a tankaɗe ruɓaɓɓen takin awaki, a barbaɗa sama-sama a share shi da tsintsiya ya shige tsakanin ganye. Wannan ma ya fi amfani ga rairayi, ko da yake ba ya nuna aikinsa da sauri.

Maganin feshi na kashe ciyawa da ake sayarwa a kasuwannin ƙauye ba shi da aiki a nan. Yawancinsa ba ya bambanta ciyawar da ake so da wadda ba a so, wurin kuma wurin wasan yara ne da kiwon kaji. Ƙarangiya da tsidau da tuji da gude-gude duk da hannu ake cire su, bayan an yi ruwa ƙasa ta yi laushi, tun ba su yi 'ya'ya ba. Wanda ya bar ƙarangiya ta zubar da ƙaya shekara ɗaya, zai yi shekaru yana cire ta daga wandon yara. Gara ita ce babbar abokiyar gaba da rani, abin da ke jawo ta kuwa mataccen ganye ne da ya taru a gindin ciyawa. A riƙa bi da manjagara ana tsefe shi. In an ga wani wuri ya bushe shi kaɗai, aka ja ciyawar ta taso kamar tabarma ba saiwa, to a tona, sau da yawa gwazarma ce ta zo cikin taki; a tsince a jefa wa kaji. In kuwa zagaye ne ya ƙone, gefensa ya yi kore fiye da ko'ina, fitsarin dabba ne ko na yaro, maganinsa a kwarara ruwa.

IN RANI YA SHIGA

Daga Oktoba mai gida yana da zaɓi biyu, ya kuma kamata ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai. Ko dai ya ci gaba da ban ruwa, ko ya bar ta ta yi barci. Wanda ya zaɓi ban ruwa ya yi shi da asuba, bayan an sauko daga masallaci, lokacin da iska ba ta tashi ba, rana kuma ba ta fara shanye rabonta ba. Ya raba ruwan mako kashi biyu ko uku, ya ba ta ta ƙoshi kowane karo. Yayyafin kullum da ke jiƙa fuskar ƙasa kaɗai yakan koya wa saiwa zama a sama, ranar da aka yi fashi sai ta mutu. Mai amfani da mesa ya ajiye gwangwanin kifi biyu ko uku a filin, in sun cika rabi, na ranar ya isa. Hanyar gane ƙishirwa kuwa mai sauƙi ce: a taka a wuce, in sawun ya zauna ganye bai miƙe ba, launinsa kuma ya koma toka-toka, to lokaci ya yi.

Wanda ya zaɓi barci, shi ne ya fi kusa da hikimar ƙasar. Kiri-kiri za ta koma ruwan ƙasa kamar tabarmar kaba, mai wucewa ya ce ta mutu, alhali ranta yana ƙasa. Ko da ban ruwa ma, sanyin dare na Disamba da Janairu yakan rage mata girma ya dusashe launinta, saboda haka zuba taki a lokacin asarar kuɗi ce. Abin da take bukata shi ne a bar mata ɗan tsawo a askin ƙarshe na kaka, a shayar da ita sosai sau ɗaya cikin mako uku ko huɗu don kada jijiyar ta ƙafe, a rage taka ta, a hana dabbobi, kada kuma a kuskura a sa mata wuta da sunan za ta fi tohowa. Wuta a cikin gida da hunturu, kusa da zana da rumbu, ba abin wasa ba ce. Abu mafi muni shi ne tsaka-tsaki, watau a tashe ta da ruwa mako biyu, a manta da ita wata guda, a sake tashe ta. Kowace farkawa tana cinye ajiyar da ke cikin jijiya, har ta ƙare kafin damina.

Saura maganar itace, domin sau da yawa mai sha'awar ciyawa yakan tarar dogon yaron da ke tsakar gidansa ya hana ta fita, sai ya fara kallon gatari. Wannan ciniki ne na faɗuwa. Dogon yaro, wanda aka fara dasawa a lardin Barno a 1928 har ya zama kamar ɗan ƙasa a titunan Azare da sauran garuruwan Arewa, in ya kafu ba ya neman ko kofin ruwa daga hannun kowa, inuwarsa kuma tana nan daram cikin Afrilu lokacin da aka fi bukatarta. Ƙarƙashinsa wurin shara ne da tabarma da turmi, kamar yadda aka saba. Ciyawa ta koma can inda rana ke bugawa, nesa da saiwarsa, kusa da wurin alwala. In gidan bai da itace ko ɗaya, to ramin dashe ya riga fagen ciyawa, ruwan jarkar farko kuma na itacen ne.

Shugabannin makarantu da limaman masallatan Juma'a na iya gwada wannan dabara a inda ruwan alwala ke kwarara ya zama taɓo a bakin hanya. 'Yar kwata da buhu biyu na kiri-kiri sun isa a fara, ɗalibai kuma su ɗauki askin bi da bi. A mako mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai duba yadda ake haƙa ramin takin gida daga shara da toka da kashin dabbobi, domin wanda ke son dasawa cikin Yuli tun watan Maris ya kamata takinsa ya fara ruɓa.